Mun Iya Rubuta Wayar Miji, Mun Kasa Rubuta Wayar Gari

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa da ake saki shafi-shafi a guruf-guruf na WhatsApp ya san wannan fitowar. Maigida ya shiga wanka, ya bar wayarsa a kan gado. Saƙo ya shigo, fuskar wayar ta yi haske. Uwargida ta dubi ƙofar banɗaki, ta dubi waya, gabanta na dukan uku-uku. A kan abin da ta gani a ciki za a gina shafi arba'in masu zuwa.

Akwai kuma fitowa ta biyu. An sace jaruma, hankalin kowa ya tashi. Sai ga jarumi, wanda ko dai jami'in tsaro ne na farin kaya ko yana da aboki gwanin kwamfuta. A buɗe kwamfuta, a shigar da lambar waya, a danna nan a danna can, sai ɗigo ja ya bayyana a taswira, ya nuna har ɗakin da aka ɓoye ta. Wani lokaci ma hirarrakin mugu na WhatsApp ake kwasowa gaba ɗaya, a baje su a gaban Alhaji.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ina cikin masu biyan kuɗi su shiga guruf don karatu. Ƙorafina ya wuce cewa marubutanmu sun yi kuskuren fasaha. Waɗannan fitowa biyu, da aka maimaita su har suka zama jiki, sun koya wa mai karatu darasi biyu. Na farko, sirrin waya rigima ce ta cikin gida, tsakanin miji da mata da kishiya. Na biyu, idan leƙen ya fito daga hannun hukuma, to alheri ne, kuma yana ci kamar tsafi. Da wannan karatun a ka aka shiga shekarar 2021, shekarar da aka kashe wayar jihar Zamfara baki ɗaya.

Yadda kwaɗon yake

Tun watan Afrilun 2016 kamfanin WhatsApp ya kammala sanya wa saƙonni kulle daga waya zuwa waya, da tsarin da masu manhajar Signal suka ƙirƙiro. Misalinsa mai sauƙi ne. Wayarki tana ƙera kwaɗo da makullinsa. Kwaɗon, a buɗe, tana raba shi ga duk mai son aiko miki da saƙo. Makullin kuwa ba ya barin wayar. Ƙawarki ta zuba saƙonta a akwati, ta datse da kwaɗonki, ta ba direba. Direban shi ne kamfanin layi, da turakun sadarwa, da na'urorin WhatsApp ɗin kansu. Duk za su ɗauki akwatin, babu mai iya buɗe shi.

Amma direba ba makaho ba ne. Kamfanin manhaja ya san wace lamba ce ta aika wa wace, da ƙarfe nawa. Kamfanin layi ya san turken da wayarki ta jingina da shi a lokacin. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes kuwa ba su da wannan kwaɗon ko kaɗan, a buɗe suke a wurin kamfanin layi.

Daga nan za a ga inda ɗigon ja na littattafanmu ya saki hanya. Bin sawun lamba yana buƙatar bayanan kamfanin layi, kuma abin da turke ke bayarwa yanki ne. A cikin Kano, inda turaku suka yi yawa, yankin kan tsuke ya zama unguwa. A dajin yammacin Zamfara, inda turke ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da dama, yankin kan kai kilomitoci. Ko an gano wurin, sai an sami mota da mai da mutanen da za su shiga. Wannan ɓangaren ne littafi kan tsallake da layi ɗaya, alhali nan ne gizo ke saƙa.

Shekara ɗaya, matakai uku

A ranar 4 ga Yunin 2021 Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari. Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. A watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka.

A watan Yulin 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi, wanda a cikinsa aka ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA, naira biliyan 4.87 don sauraren sadarwa. Naira biliyan 1.93 daga ciki an rubuta su ne da sunan kayan tare saƙonnin WhatsApp, sauran kuma na wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Tunda akwatin ba ya buɗuwa a hanya, duk kayan da za su karanta saƙon WhatsApp sai sun shiga cikin wayar mutum kanta. Wanda ya shiga wayarka kuwa ya ga hotunan iyalinka, ya ga asusun bankinka, yana iya kunna abin ɗaukar magana kana zaune a ɗakinka.

Sai mataki na uku, wanda ya fi shafar mu. A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta umarci kamfanonin layi su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara. Gwamna Bello Matawalle ne ya nema ta hannun Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami, umarnin kuma ya fito kwana biyu bayan sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Mako biyu aka ce da farko. An haɗa da rufe kasuwannin mako-mako da hana sayar da fetur a jarka. Mutanen Gusau suka riƙa tafiya Funtuwa don su buga waya, ba a jima ba Funtuwar ma ta shiga cikin ƙananan hukumomi 13 da aka kashe wa sabis a Katsina. Sakkwato ta bi da ƙananan hukumomi 14, Kaduna ma ta rufe wasu sassanta. Ranar 1 ga Oktoba aka mayar wa Gusau sabis. Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran jihar sai ƙarshen Nuwamba. Mako biyu ya zama kusan mako goma sha biyu.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Nijar an kashe intanet na wayar hannu kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021, har da Maraɗi da Damagaram. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook wata 16, daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019.

Hujjar masu rufewa

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnati da ƙarfinta, domin mutane da yawa a Zamfara sun yi maraba da matakin a makon farko, kuma ba wawaye ba ne. Da waya ɗan bindiga ke cinikin kuɗin fansa. Da waya infoma ke faɗa masa cewa sojoji sun tashi daga Anka, ko wane ya sayar da shanu jiya. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa, idan ka zo masa da maganar sirrin waya, zai dube ka ne kamar mai wasa da hankalinsa.

Sai dai a duba irin wayar da ake magana. Cinikin fansa da kiran murya na yau da kullum aka fi yin sa, a kan layin da tun Disambar 2020 aka tilasta wa kowa ya haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Wannan kiran ba shi da kwaɗo. Hukuma na iya sanin lambar, da sunan da aka yi rajista da shi, da turken da ta kama. A watan Janairun 2024 Pantami da kansa, bayan ya bar kujera, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da wannan bayanin yadda ya kamata wajen kama masu garkuwa da mutane. Ke nan ƙofar da take a buɗe ma ba a shige ta ba, ana neman kuɗin fasa wadda take a kulle.

A kwatanta da wani abu. A watan Nuwamban 2022 jami'an tsaro sun bi sawun wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse har cikin makaranta, suka kai shi Abuja, saboda wani rubutu da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Tun a 2020 kuma ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta fitar da rahoto kan yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kama 'yan jarida. Kayan aikin suna nan, suna kuma ci. Abin tambaya shi ne a kan wa ake juya su.

A ɓangaren rufewar kuma, ɗan bindiga ya fi talaka hanyar kewayewa. Rahotanni daga gabashin Sakkwato sun nuna wasunsu sun koma kama sabis ɗin Nijar a bakin iyaka, wasu suka koma aiko da wasiƙar neman fansa a rubuce. Ranar 17 ga Oktoban 2021, ana tsakiyar rufewar, aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya nemi a sake duba matakin. A makon farko na Janairun 2022, 'yan makonni bayan an dawo da sabis a Zamfara ana cewa an yi nasara, aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200.

Abin da Abare ta sani

Akwai dalilin da ya sa shiru ya fi tsada a wannan yanki. A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farfaɗiya da zazzaɓin da maganin maleriya bai taɓa shi ba. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abare na cikin ƙauyukan da abin ya fi yi wa ɓarna, tare da Dareta da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya tsayar da mutuwar shi ne labari ya fita: likitocin MSF suka gano, aka ɗauki jini aka kai gwaji, aka zo aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, an bar ta tana jira. Sai da matasan Follow The Money, su Hamzat Lawal, suka tayar da gangami a Twitter da Facebook da sunan ceto Bagega, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. Dandalin da aka rufe a 2021 yana cikin abin da ya sa aka kwashe guba daga tsakar gidajen Bagega shekara takwas kafin nan.

Mutumin Abare bai buƙaci a karanta masa sashe na 37 na kundin tsarin mulki ba, wanda ya kare sirrin gida da wasiƙa da kiran waya, kafin ya san darajar saƙo ya isa inda aka aike shi. Ya kuma san ɗaya ɓangaren. A garin da ake zargin akwai infoma, wanda ya ga wucewar babura yana son ya sanar da ɗan'uwansa a Gummi, ko ya sanar da jami'in da ya yarda da shi, rayuwarsa ta rataya ne a kan kada wani na uku ya ji. Kwaɗon da ake cewa mafakar ɓarawo ne, shi ne kariyar wanda ke son tona ɓarawon.

Marubuci ya fi kowa sani

Abin mamaki shi ne babu wanda ya kamata ya gane wannan kamar marubucin Hausa. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a Kano a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A shekarar da ta biyo, Hukumar Tace Fina-finai ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta nemi marubuta su yi rajista, a kuma tace rubutunsu kafin ya shiga kasuwa. Tsadar takarda da mutuwar kasuwar littafi suka ƙarasa sauran. Yau matar aure a Gusau ko Talatar Mafara tana rubuta littafi a wayarta bayan yara sun yi barci, da sunan da ba nata ba, ta sayar wa mata ɗari uku da ba ta taɓa gani ba. Tana rubuta dukan miji, da fyaɗe a cikin dangi, da abin da ba za ta iya faɗa a gaban surukarta ba. Akwai shirme da batsa a wannan kasuwa, kowa ya sani, kuma masu karatu da marubuta suna faɗa da juna a kai. Amma ɗakin da take rubutun a ciki, kwaɗon nan ne ƙofarsa.

Marubutanmu sun ma riga injiniyoyi da yawa gane iyakar kwaɗon. Dubi saman kusan kowane shafi na littafin kuɗi, za ka tarar da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar da shi daga guruf. Marubuciya ta san ba a hanya ake sace mata littafi ba. Wadda ta biya ta shiga ce take turawa waje. Haka abin yake a kowane fanni: wanda aka yaudara ya karanta wa ɗan damfara lambobi shida da aka turo masa, wanda ya bar ajiyar hirarrakinsa a intanet ba kulle, wanda ya ba mai gyara waya a buɗe, ko ɗan guruf mai baki biyu. Ɓarna daga bakin akwati take zuwa, wajen mai aikawa ko mai karɓa. Wanda ya san wannan a kasuwancinsa bai kamata ya riƙa rubuta jarumin da ke buɗe WhatsApp ɗin mutane daga nesa da danna uku ba.

Makullin da ake ce wa na hukuma kaɗai

Dokar sauraren sadarwa da NCC ta fitar a 2019 ta tanadi cewa idan saƙon da ake nema a kulle yake, a miƙa wa hukuma makulli ko a buɗe mata shi. Gwamnatoci da dama suna neman fiye da haka, wato a ƙera wata ƙofar baya da hukuma kaɗai za ta riƙe makullinta. A Fabrairun 2025 kamfanin Apple ya janye wani tsarinsa na kulle ajiya daga Birtaniya maimakon ya yi wa gwamnatin ƙasar irin wannan ƙofa.

A littafi, makullin yana hannun jarumi, jarumi kuma mai tsoron Allah ne, magana ta ƙare. A aikin manhaja, ƙofa ba ta san fuskar mai shigowa ba. Tsakanin 2004 da 2005 wasu suka kutsa cikin na'urar sauraren da aka tanada don hukuma a kamfanin Vodafone na ƙasar Girka, suka saurari wayoyi kusan 100, har da ta Firaminista Kostas Karamanlis. A 2024 Amurka ta tabbatar da cewa masu kutse da ta danganta da ƙasar Sin sun shiga manyan kamfanonin wayarta, har suka taɓa tsarin da aka gina don sauraren da kotu ta ba da izini. Bayan haka jami'an Amurka da kansu suka shawarci mutane su koma manhajoji masu kwaɗo. In haka ta faru a can, sai mu tambayi kanmu hannu nawa makullin zai bi a nan kafin ya isa daji.

Ba mu rasa kalmar wannan abu a harshenmu ba. Rufin asiri muke roƙo a kowace addu'a. Mun gina zaure don baƙo ya tsaya, mun rubuta “ba a shiga” a ƙofar gida, muna sallama sau uku mu juya. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Littattafanmu suna tuna wannan idan kishiya ce ta ɗauki waya. Idan mai kaki ne ya ɗauka, sai su tafa masa.

Labarin da ke jiran mai rubutawa

Ba ina kiran marubuta su koma masu wa'azin fasaha ba ne. Ina nuna musu kayan labari ne da aka bari a ƙasa. Mako goma sha biyu babu waya a jiha guda abu ne da marubucin soyayya ya kamata ya yi wa rawa. Ga saurayi yana ci-rani a Legas, an sa ranar aurensa a wani ƙauyen Anka, ba ya iya kira, ba ya iya turo kuɗi don mai POS ya rufe. Ga direban hanyar Anka zuwa Gummi da ya koma gidan waya, aljihunsa cike da takardu, ya san asirin gari fiye da mai unguwa, kuma akwai masu son su san abin da ya sani. Ga uwar da aka sace wa ɗa kwana ɗaya kafin a kashe sabis, tana zaune da waya a hannu, tana jiran kiran da ta fi tsoro kuma ta fi buƙata. Ga marubuciyar da littafinta ya tsaya a shafi na 30, masu karatunta na Kano da Yamai suna zaginta a guruf cewa ta ci kuɗinsu, ba su san garinsu ne aka kashe ba. Wasiƙa da ɗan aike, waɗanda littattafan soyayya na shekarun 1990 suka rayu a kansu, sun dawo da ransu a 2021, amma da wuya ka ci karo da su a abin da ke yawo a guruf-guruf.

Idan kuma za a rubuta jami'i mai bin sawun waya, a rubuta shi yadda yake. Ya nemi takardar kotu ko ya tsallake ta, mu ga abin da tsallakewar ta jawo. Ya sami yanki mai faɗin kilomita biyar maimakon ɗigo, ya rasa man mota. Wata rana a miƙo masa lamba daga sama, ya duba ya ga ta ɗan jarida ce, ko ta tsohuwar matar maigidansa. Abin da zai yi a wannan daren ya fi ɗigo ja ɗari riƙe mai karatu.

Za a sake kawo maganar toshe manhaja, ko fasa kwaɗo, ko kashe turaku, duk ranar da wani babban tashin hankali ya auku. Masu amsawa da “a yi kawai” ko “a dakata mu ji” su ne mutanen da ke karatu a waya da daddare, kuma da yawansu daga littafi suka fara sanin abin da waya ke iyawa da abin da ba ta iyawa. Marubucin da ya karɓi kuɗinsu ta WhatsApp yana da alhakin ya gaya musu gaskiyar gidan da yake haya a ciki.